Yadda Ake Sarrafa Itace Zuwa Sinadarai Masu Amfani: Bayani Ga Mazauna Karkara da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, idan aka ambaci itace, abin da ke fara zuwa a ran mutum shi ne makamashin girki da gawayi, sai kuma turmi da ƙotar fartanya. To amma a wasu ƙasashe akwai masana'antun da ke karɓar gungumen itace, su fitar da sinadarin ƙamshin alawa, da danƙon da ake zubin ƙarfe da shi, da kayan haɗa gorar roba. Yawancin waɗannan kayayyaki daga ɗanyen man fetur ake samunsu a yau. Ganin cewa man fetur ba ya tsirowa, itace kuwa yana tofowa idan an kula da shi, ya sa masana da 'yan kasuwa suka sake karkata ga itace da ragowar amfanin gona.

An shirya wannan bayani ne domin jama'a su fahimci yadda wannan aiki yake, da inda ya yi nasara, da inda ya jawo asara. Haka kuma zai taimaka wa shugabannin ƙananan hukumomi, hakimai, dagatai da ma'aikatan gandun daji wajen auna maganar duk wanda ya zo neman fili ko daji da sunan kafa irin wannan masana'anta.

Abin da ke cikin itace

Duk busasshen itace, ko na kirya ne ko na darbejiya, abubuwa uku ne suka haɗu suka gina shi. Na farko shi ne selulos, wanda ke ɗaukar kimanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na nauyinsa. Selulos dogayen zaruruwa ne, kuma kowane zare ƙwayoyin sukari ne da aka jera aka ƙulle kamar tsakiya a igiya. Audugar da muke nomawa kusan zallar selulos ce. Wani masani ɗan Faransa, Anselme Payen, shi ne ya fara ware shi daga tsirrai a shekarar 1838.

Na biyu shi ne hemiselulos, kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Shi ma sukari ne a ƙulle, sai dai zarensa gajere ne mai rassa, kuma ya fi saurin warwarewa. Na uku shi ne liginin, wanda shi ma yakan kai kashi 20 zuwa 30. Liginin shi ne danƙon da ya liƙe zaruruwan, ya ba itace taurinsa, ya kuma hana shi saurin ruɓewa.

Ke nan wajen kashi 70 cikin 100 na itace sukari ne, amma a kulle. Wannan ne dalilin da ya sa mutum ba ya iya cin itace ya ƙoshi, alhali gara tana rayuwa a kansa. A cikin hanjin gara akwai ƙananan halittu da sinadaran da ke kwance wannan ƙulli. Abin da masana'anta ke ƙoƙarin yi shi ne irin aikin gara, amma cikin sauri da yawa, kuma ta yadda za a zaɓi abin da ake so ya fito.

Mene ne katalis?

Katalis wani abu ne da ke hanzarta sauyawar wani sinadari zuwa wani, ba tare da shi kansa ya ƙare a cikin aikin ba. Matsayinsa kamar na dillali ne a kasuwa: yana haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuma ya juya ya kama wani cinikin. Idan babu shi cinikin zai iya yiwuwa, amma zai ɗauki dogon lokaci, ko ya faɗa ta inda ba a so. Masanin ƙasar Suwidin, Jacob Berzelius, shi ne ya raɗa wa wannan aiki suna a shekarar 1835.

Mutanen karkara sun daɗe suna cin moriyar katalis. Idan mai kunun zaƙi ta zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi a kunu mai kauri, sai ya tsinke ya yi zaƙi, domin akwai wani katalis na halitta a cikinsu, wanda ake kira enzayim, da ke farfasa sitaci ya koma sukari. Takin yuriya ma da katalis ake yinsa: ana haɗa iskar naitirojin da ta haidurojin a kan katalis na baƙin ƙarfe, ta hanyar da aka fara amfani da ita a masana'anta a Jamus cikin 1913.

Katalis ɗin da ake aiki da su a kan itace iri uku ne: asid, enzayim, da kuma daskararrun abubuwa irin su nikel, jan ƙarfe da wani dutse mai ƙananan ƙofofi da ake kira ziyolait. Hanyoyin aikin kuwa su ma uku ne.

Hanya ta farko: kwance sukarin itace

A shekarar 1819 wani Bafaranshe, Henri Braconnot, ya nuna cewa idan aka jiƙa garin katako ko tsumma da asid irin wanda ke cikin ruwan batir, selulos yakan warware ya koma sukari. Wannan shi ne tushen hanya ta farko. Daga baya aka samu mataimaki daga inda ba a zata ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wata funfuna ta riƙa cinye tantuna da tufafin sojojin Amurka a Tsibiran Solomon. Da aka bincika sai aka ga tana fitar da enzayim mai narka selulos, kuma jikokin wannan funfuna ne masana'antu ke renowa a yau domin samun enzayim ɗin.

Da zarar sukari ya fito, sai a miƙa shi ga wani katalis, gwargwadon abin da ake nema.

Furfural shi ne tsohon misali. Ana dafa kayan da ke da yawan hemiselulos da ɗan asid da tururi mai zafin digiri 150 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyas, sai wani ruwa mai ƙamshi ya biyo tururin. Kamfanin Quaker Oats na Amurka ya fara yinsa a 1922 daga ƙaiƙayin hatsin da yake sarrafawa, wanda a da ya rasa yadda zai yi da shi. A yau ƙasar Sin ce ke kan gaba, kuma totuwar masara take amfani da ita. Akan buƙaci wajen tan 10 na totuwa kafin a sami tan 1. A Afirka ta Kudu, masana'antar sukari ta Sezela ta fara yinsa daga tuƙar rake tun cikin shekarun 1970. Ana amfani da furfural wajen tace baƙin mai na injuna. Idan kuma aka haɗa shi da haidurojin a kan katalis na jan ƙarfe, sai ya zama sinadarin da ake yin danƙon ɗaure yashi a manyan wuraren zubin ƙarfe, inda ake zuba sassan injin mota.

Zailitol wani misali ne. Sukari ne da ba ya ɓata haƙori, shi ya sa ake sa shi a cingam da man goge baki. Ƙasar Finlan ce ta fara yinsa da yawa cikin shekarun 1970 daga wata bishiya mai farin ɓawo da ke cike da dazuzzukanta, ta hanyar haɗa sukarin hemiselulos da haidurojin a kan katalis na nikel.

Har ila yau, idan aka ba yis sukarin itace, yakan mayar da shi etanol, wanda ake gaurayawa da fetur, ake kuma yin ruwan tsabtace hannu da shi.

Hanya ta biyu: gasa itace ba tare da iska ba

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga mai yin gawayi. Idan ya tara itace ya rufe da ƙasa ya cinna wuta, hana iska shiga yake yi domin itacen ya gasu, kada ya ƙone ya zama toka. A irin wannan tsibi, kilo 100 na itace ba kasafai yake ba da gawayin da ya wuce kilo 10 zuwa 20 ba. Mafi yawan sauran yana tafiya ne a hayaƙi, kuma cikin hayaƙin akwai metanol, da kwalta, da asid ɗin da ke ba ruwan khal tsaminsa. Har zuwa farkon shekarun 1920, daga hayaƙin gawayi ne duniya ke samun kusan dukkan metanol ɗinta, ta hanyar bi da hayaƙin cikin bututu mai sanyi har ya koma ruwa.

Injunan zamani sun juya lissafin. Ana niƙa itace, a busar, a ɗumama shi farat ɗaya zuwa kimanin digiri 500, a kuma sanyaya tururinsa cikin daƙiƙa 2. Ta haka har kashi 70 cikin 100 na nauyin itacen yakan koma wani baƙin ruwa mai kauri da ake kira man itace. Akwai irin wannan masana'anta a Hengelo ta ƙasar Holan tun 2015. A garin Gävle na Suwidin kuma an buɗe wata a 2021, wadda ke aiki da garin katako, tana aika man zuwa matatar mai.

Sai dai man itace ba ya maye gurbin fetur kai tsaye. Yana da tsami mai cin ƙarfe, yana ɗauke da ruwa mai yawa, kuma ƙarfin wutarsa bai kai rabin na man gas ba. Dalili shi ne fiye da kashi 40 cikin 100 na nauyin itace oksijin ne, alhali ɗanyen man fetur kusan ba shi da shi. Aikin katalis a nan shi ne cire wannan oksijin. Idan aka bi da tururin ta cikin ziyolait, akan sami irin sinadaran da ake yin roba da fenti da zaren yadi da su.

Hanya ta uku: mayar da itace gas

Idan aka ƙara zafi ya kai digiri 800 ko fiye, aka kuma bar iska kaɗan ko tururi ya shiga, itace yakan watse baki ɗaya ya koma gas mai ƙunshe da haidurojin da kabon monoksaid. Da irin wannan gas ne ɗaruruwan dubban motoci suka yi tafiya a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da fetur ya yi wuya. Idan aka wanke gas ɗin, katalis ne ke yanke abin da zai zama. Na jan ƙarfe da tutiya yana ba da metanol. Na baƙin ƙarfe ko kobalt yana ba da man gas da kakin kyandir, bisa hanyar da Jamusawa biyu, Fischer da Tropsch, suka gano cikin shekarun 1920. Na nikel kuwa yana ba da gas mai kama da wanda ake haƙowa daga ƙasa.

Inda aka yi nasara

Mafi daɗewar misali shi ne kamfanin Borregaard da ke garin Sarpsborg a ƙasar Norwe, wanda tarihinsa ya faro daga 1889. Yana sarrafa itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura. Bisa lissafin da kamfanin ke bayarwa, daga kilo 1,000 na itace yana samun kimanin kilo 400 na tataccen selulos, kilo 400 na kayan liginin, kilo 50 na etanol, da kilo 3 na banilin.

Selulos ɗin yana tafiya ga masu yin yadi, fenti da magunguna. Kayan liginin ana zuba su a kwaɓin siminti domin ya yi laushi da ruwa kaɗan, ana ɗaure abincin dabbobi da su, ana kuma sa su a batirin mota. Banilin kuwa shi ne ƙamshin da ake ji a biskit, kek da alawa. Asalinsa daga 'ya'yan wata shuka ce da aka fi nomawa a Madagaska, amma abin da gonaki ke bayarwa ɗan kaɗan ne ƙwarai, don haka mafi yawan banilin na duniya daga man fetur ake haɗa shi. Borregaard yana yin nasa tun 1962, ta hanyar dafa liginin da oksijin tare da katalis na jan ƙarfe.

Abin lura a nan shi ne, kamfanin bai dogara ga kaya ɗaya ba. Kowane sashe na gungumen yana da mai saye, kuma dazuzzukan da ake sarowa ana sake dasa su bisa doka.

Wani sabon yunƙuri shi ne na kamfanin UPM na Finlan, wanda ya fara gina masana'anta a garin Leuna na Jamus cikin 2020. An tsara ta ne domin fitar da tan 220,000 a shekara, ciki har da gilaikol, wato sinadarin da ake yin gorar roba, yadin leda da ruwan sanyaya lagireto da shi. Da farko an ƙiyasta kuɗinta Yuro miliyan 550, amma daga baya ya haura Yuro biliyan 1. A wannan gari na Leuna ne kamfanin BASF ya fara haɗa metanol daga gas ɗin kwal da taimakon katalis a 1923, abin da ya durƙusar da sana'ar tatsar metanol daga hayaƙin itace.

Inda aka yi asara

Ba kowane yunƙuri ne ya kai gaci ba. Kamfanin KiOR ya gina masana'anta a garin Columbus na jihar Misisipi a Amurka domin mayar da itace mai ta hanyar katalis. Gwamnatin jihar ta ba shi rancen Dala miliyan 75. Masana'antar ta fara aiki a 2012, amma man da ta riƙa fitarwa ya yi ƙasa ƙwarai da abin da aka yi alkawari. A watan Nuwamba na 2014 kamfanin ya karye, aka bar jihar tana bin bashin miliyoyin Daloli ta hanyar kotu. A birnin Gotenbag na Suwidin kuwa, masana'antar GoBiGas ta yi nasarar mayar da itace gas kamar yadda aka tsara, amma an rufe ta a 2018 saboda kuɗin yin gas ɗin ya fi abin da kasuwa ke biya.

Dalilan irin wannan faɗuwa sanannu ne. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, ga shi da cin wuri a mota, don haka kuɗin dako da na busarwa suna cinye riba. Katalis kuma yana gajiya: kunkunniya tana toshe ƙofofinsa, sai an riƙa ƙone ta. Bugu da ƙari, gishirin fotash da ke cikin toka, wanda shi ne ke ba ruwan toka kaifinsa, yana kashe ƙarfin ziyolait. Sannan duk lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi, kayan da aka yi da itace sukan rasa masu saye.

Yadda abin ya shafe mu

Ƙasashen da suka ci ribar wannan fasaha suna da dazuzzuka masu faɗi da ruwan sama mai yawa. Arewacin Nijeriya kuwa yana fama da kwararowar hamada, shi ya sa aka kafa hukumar shingen itatuwa ta ƙasa a 2015 domin jihohi 11 na bakin daga. Masana'anta irin ta Leuna tana cin ɗaruruwan dubban tan na itace kowace shekara. Idan aka ɗora irin wannan buƙata a kan kuka, ɗorawa, kaɗanya da gawo da ke tsaye a gonakinmu, za a sayar da inuwa da abinci da ƙarfin ƙasa a kan kuɗin da ba zai daɗe ba.

Abin da ya fi dacewa da mu shi ne ragowar da ke taruwa wuri ɗaya: totuwar masara a masussuka, ɓawon gyaɗa, tuƙar rake a masana'antun sukari irin na Numan da Sunti, garin katako a wajen masu yanka katako, da ɓuntu a injunan casar shinkafa. Ko a nan ma akwai abin dubawa. Wajen kashi 20 cikin 100 na ɓuntun shinkafa toka ce, don haka ya fi dacewa da hanyar gas fiye da ta katalis mai saurin toshewa. Karan dawa da na gero kuwa ba shara ba ne, domin abincin dabbobi ne, kayan danni da makamashi ne, kuma wanda aka bari a gona yana kare ƙasa daga iska. Kwashe shi duka zai jawo tsadar abincin dabbobi da raunin gona.

Tambayoyin da ya kamata jami'ai su yi

Duk lokacin da wani kamfani ya zo da irin wannan shiri, yana da kyau a nemi amsar waɗannan tambayoyi a rubuce kafin a ba da fili ko a sa hannu:

1. Tan nawa na itace ko ragowar gona za a buƙata a shekara, daga ina, kuma wa ke amfani da shi yanzu?
2. Idan itace ne, wa zai dasa madadinsa, a wane fili, kuma shekara nawa zai yi kafin ya isa sara?
3. A ina irin wannan injin ya taɓa aiki shekara guda cur, kuma za a iya zuwa a gani?
4. Wane kaya za a fitar, kuma wa ya yi alkawarin saye?
5. Daga ina za a sami ruwa da wutar lantarki, kuma ina za a zubar da ruwan asid da tsohon katalis?
6. Idan aikin ya tsaya, wa zai biya bashi, kuma filin zai koma hannun wa?

Ana iya neman shawarar masana daga jami'o'i, ko Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa da ke Zariya, ko Majalisar Bincike da Bunƙasa Albarkatun Masana'antu da ke Abuja.

Gargaɗi

Ana jan hankalin jama'a da kada kowa ya gwada dafa itace ko totuwa da ruwan batir a gida, domin yana ƙona fata, yana kuma makantarwa. Ruwan da ke ɗiga daga hayaƙin gawayi ba abin sha ba ne, ba kuma magani ba ne. Metanol da ke cikinsa guba ne mai kashe gani, yana kuma kisa. Haka nan kabon monoksaid ba shi da launi ko wari, don haka kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki.

Kammalawa

Sarrafa itace zuwa sinadarai fasaha ce tabbatacciya, wadda wasu sassanta suka haura shekara 100 ana cin moriyarsu. Tarihinta ya nuna cewa tana ɗorewa ne a inda kayan aikin ke sabuntawa kowace shekara, inda ake sayar da kowane sashe na abin da aka sarrafa, kuma inda aka gwada injin kafin a zuba dukiyar jama'a. Al'ummar da ta san yawan totuwa, ɓuntu da tuƙar da take tarawa, ta kuma kiyaye itatuwan gonakinta, ita ce za ta zauna teburin ciniki da ƙarfinta a ranar da masu masana'anta suka zo. Saboda haka ana kira ga ƙananan hukumomi da su fara ƙididdige irin waɗannan albarkatu a yankunansu, tare da haɗin gwiwar malaman gona da sarakunan gargajiya.